Na Bi Magini Zuwa Fatakwal

Kawuna birkila ne, amma ba a ginin gidaje ya yi suna ba. Tanderun gidan burodi da bututun hayaƙinsa su ne sana'arsa tun yana saurayi, jan bulo kuma shi ne abin aikinsa. A tsakiyar hunturu aka kira shi daga Fatakwal. Wata mata mai gidan burodi a bayan Kasuwar Creek Road ce take son sabon tanderu da dogon bututu, domin maƙwabta sun ishe ta da ƙorafin hayaƙi. Idonsa ya fara rauni wajen karatu, ni kuma ina hutu, sai ya ce in bi shi in riƙe masa lissafi. Ban tsaya jan rai ba.

Bayan sallar asuba muka bar Kano a ƙaramar bas, ba doguwar motar New Road mai tafiyar dare ba, don Kawu ba ya son hanyar da idonsa ba ya gani. Ya kuma tsara tafiyar yadda Litinin ba za ta riske mu a kan hanyar ƙasar Ibo ba, saboda zaman gidan dole da aka fara a can tun watan Agustan 2021, wanda a lokacin tafiyarmu ya sa direbobi da yawa suke ajiye mota a ranar. Kuɗin mota kuwa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 bai sake zama wuri ɗaya ba. Abin da ya biya a kujerarsa kaɗai, in ji shi, a da ya kai shi ya dawo da shi har da guzuri.

Muna wuce Zariya ya ɗauko zancen Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'ar birnin a ƙarni na 19, masallacin da wani sashensa ya rufta wa masallata a watan Agustan 2023. Daga nan ya gangaro kan maginan ƙasa da ya tashi a hannunsu. Maginin gargajiya, ya ce, katanga ce tsaninsa. Hawa yake yi ya raba ƙafa a kan bangon da yake ɗagawa, yaro yana ƙasa yana jefo masa tubali yana cafewa, kuma ba abin da zai same shi, domin bangon yana da kauri, ga rana da iskar rani suna busar da shi kafin gobe. "Wannan al'adar ce take karya yaranmu a kudu, ɗan nan," ya ce da ni. "Su hau ɗanyen bulo su zauna, sun manta ba a gida suke ba."

Kaduna da Abuja ba su tsayar da mu ba sai don sallah da mai. Mun haye Kogin Kwara ta Gadar Murtala a Jamata, muka ci soyayyen kifi a bakin titin Lakwaja, muka nufi Ajaokuta rana tana shirin faɗuwa. A nan na ga bututun kamfanin ƙarfe da aka fara ginawa tare da Rashawa tun ƙarshen shekarun 1970, suna tsaye babu hayaƙi. Kawu ya bi su da kallo har suka ɓace. Muka sake haye kogin ta gadar Itobe, muka shiga ƙasar Igala, bishiyoyin kashu da na kwakwar manja suka fara rufe gefen hanya. Dare ya yi mana a Obollo-Afor, inda manyan motocin arewa suke yada zango. Wani mai shayi Basakkwace ya ji Hausarmu, ya dubi jakar kayan aikin Kawu, ya shimfiɗa mana tabarma a ɗakin da yake ajiyar burodi. Da safe muka yi juyin duniya ya karɓi ko kuɗin shayi, ya ƙi. Ya ce baƙon hanya ba a yi masa lissafi.

A 9th Mile, mahaɗar da ake karkatawa zuwa Inugu, mata suka yanyame motar da wani abinci mai zafi a ƙunshin ganye, okpa. Na gutsura na ji ɗanɗanon da na sani. Gurjiya ce, wadda muke dafawa mu ci a tsaye, su suka niƙa ta suka zuba manja suka turara, ta zama karin kumallon gari guda. Ƙunshi biyu sun riƙe ni har azahar, a kan kuɗin da bai kai na ƙosai da koko a Kano ba.

Inugu gari ne da kwal ya haifa. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, a 1916 layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal don a fitar da shi ta teku. A wata mahaƙarsa, Iva Valley, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 ranar 18 ga Nuwamban 1949 suna neman haƙƙinsu. Dattawan da muka tarar a masallacin unguwar Asata kuwa sun fi son su ba baƙo labarin Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, wanda fataucin shanu ya kawo shi, mutanen gari suka zaɓe shi ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Da alfahari suke faɗa, kuma sun cancanta.

Abu biyu suka tsayar da mu a garin. Kawu yana son ya duba wani tanderu da ya gina shekarun baya, yana kuma son ya ɗauki wani tsohon yaronsa ya tafi da shi aiki. Tanderun lafiya lau. Yaron ne muka tarar a kwance. Wata biyu kafin zuwanmu ya faɗo daga dandamalin katako a wani gini, katakon da aka ɗora ba a kafe shi da ƙusa ba, ya taka bakinsa ya ɗage. Ƙugu ya karye. Ɗan kwangilar ya biya kuɗin daren farko a asibiti, daga nan wayarsa ta daina shiga. Abin da ya biyo baya jama'ar masallaci ne suka yi karo-karo, masu nama da masu albasa da masu gyaran takalmi, har aka kai shi wajen mai ɗori. Yana ta cewa, "Baba, ƙaddara ce." Kawu ya ce, "Ƙaddara gaskiya ce, Allah Ya ba ka lafiya. Amma ƙusa huɗu nawa take?" Bai ƙara magana ba har muka fito, sai dai na ga ya tura masa wani abu ƙarƙashin matashi.

Daga Inugu muka kama hanyar Anaca. Mun wuce garikin shanu na Ugwuoba da na Amansea a bakin Awka, inda za ka ji Hausa da Fulatanci suna tashi a tsakiyar kurmi. Anaca kuwa hayaniyarta ta Upper Iweka ta fi ƙarfin kunnen Bakano, duk da Kantin Kwari da muke taƙama da ita. Mun sauka wajen masallacin Bida Road, aka ba mu wurin kwana a ɗakin wasu masu sayar da goro. Da yamma na je na ga tsohuwar gadar 1965, na hango sabuwar da aka buɗe a 2023 can ƙasa da ita.

Sayayya ce ta kawo mu. Kawu ya sayi hular kwano guda shida, safar hannu ta roba, takalman roba masu tsawo, igiya mai kauri, da ɗamarar ɗaure jiki guda biyu irin wadda ma'aikatan wuta suke hawa turke da ita. Mai shagon Ibo ne haifaffen Sabon Garin Kano, Hausarsa ta fi ta wasunmu, ya rage mana kuɗi don kawai mun gaya masa labarin unguwarsu. Ni na rubuta lissafin, don haka na san abin da nake faɗa: hular kwano ɗaya ba ta kai kuɗin buhun siminti ba, kayan gaba ɗaya kuma ba su kai abin da jama'ar Asata suka tara wa yaron nan ba. Kawu ya sa kuɗinsu cikin jimlar kwangila a fili, layi guda, tsakanin yashi da rodi.

Hanyar Fatakwal ta bi da mu ta Owerri, muka yi azahar a Ama Hausa, sannan Elele, inda Hausawa mafarautan giwa suka kafa zango tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Fatakwal. Shingayen jami'ai ba su ƙirguwa, kowanne direba ya miƙa hannu ya wuce. Muka shiga gari ta Rumuokoro, muka keta Diobu, muka gangara tsohon gari inda Turawa suka fara kafa tashar jiragen ruwa a 1912.

Kasuwar Creek Road hanci ne yake fara sanin an iso ta. Ƙaurin busasshen kifi, ƙarnin ɗanye, warin taɓon bakin ruwa, duk a haɗe. Daga bayanta jiragen ruwa suke tashi zuwa Bonny da Nembe, su dawo da kifi da jatan lande da ƙaguwa da wasu ƙananan dodon koɗi da ake zubawa a miya. Mutanenmu suna nan a tsakiya: masu albasa da tattasai da wake, masu turin baro, masu dako a wajen sauke doya, masu shayi da tsire in dare ya yi. Farashi ya juye mini kai. Busasshen jatan landen da uwar gida take saye a ɗan ƙulli a Kano, a nan da roba ake aunawa. Albasar da za a ba ka gyara a 'Yankaba, a nan sai an ƙirga ta ɗaya ɗaya. Tuwon masara da miyar kuka akwai, wajen wata mata 'yar Bauci, amma kwano ɗaya kuɗin biyu ne a gida. Na fi komawa ga gasasshen filanten da kifi da suke kira bole, da yajin manja a kai.

Shugaban masu albasa ne ya karɓe mu. Ya sa aka ba mu ɗaki a wani gidan haya da 'yan ci-rani suka cika, mutum takwas a ɗaki, wasu suna kwana wasu suna gadi. Mu biyu aka bar wa namu saboda furfurar Kawu. Zafin garin ba irin namu ba ne, gumi ne da ba ya bushewa, ga sauro. Wani ɗan Haɗeja da ya daɗe a can ya ba ni labarin baƙin ƙunar da ya fara sauka a kan garin tun ƙarshen 2016, daga matatun man sata na cikin fadama da ƙona tayoyi, yadda mutum zai kwanta da farar riga a igiya ya tashi ya tarar ta yi baƙi. Sai na gane dalilin da maƙwabtan gidan burodin ba su da haƙurin hayaƙi.

Madam, haka kowa yake kiran mai gidan burodin, mace ce mai kaifin lissafi. Da ta ga layin hulunan kwano ta sa yatsa a kai. Kawu ya ce mata da guntun turancinsa na kasuwa, in an cire wannan layin shi ma a cire shi. Ta yi shiru, sannan ita da bakinta ta tuno benen nan mai hawa bakwai da ya rufta da ma'aikata a Woji Road a watan Nuwamban 2018. Ta biya.

Aikin ya fara daga ƙasa, kuma a nan aka fi daɗewa. Ƙasar bakin ruwa ciko ce a kan taɓo, ba a yi nisa da haƙa ba ruwa ya fara tsattsafowa. Dogon bututu siriri ne mai nauyi, duk nauyinsa a ɗan wuri yake sauka, in gefe ɗaya ya nutse ko da kaɗan ne, can sama karkatar mai yawa ce. Don haka Kawu ya sa aka zuba faffaɗan kankare da rodi, ya fi gindin bututun faɗi nesa ba kusa ba, ya hana a ɗora ko bulo ɗaya sai da ya ƙeƙashe. Leburorin, yawancinsu yaran Jigawa da Katsina da aka ɗebo daga bakin kasuwa, suka fara gunaguni, don ranar da ba aiki ba kuɗi. Ya sa su jiƙa bulo da tace yashi da saƙa dandamali, ya biya su.

Dandamalin nan shi ne abin da ya fi ba wa muhimmanci. Da gora aka yi shi, gorar kudu mai kauri wadda ba mu da irinta, amma ya tsaya da ƙafafunsa a kan katako shimfiɗaɗɗe, da tokare ta kowace kusurwa, bai jingina da bututun ba ko kaɗan. Kowane katakon takawa an kafe shi, an sa masa ɗan shinge a baki don kada bulo ko cokali ya zame ya faɗo, an ɗaura gora a daidai ƙugu ta zama abin dafawa. Tsani a ɗaure yake sama da ƙasa. Kafin kowa ya hau da safe, Kawu zai zagaya ya girgiza kowace ƙafa ya duba kowane ɗauri, domin raɓar dare da damshi suna sassauta igiya. Wayar wutar lantarki da ta ratsa kusa, sai da aka kira masu wuta suka janye ta kafin a ɗaga rodi ɗaya.

Ba a jefa bulo. Wannan ita ce dokar da ta fi yi wa yaran wuya, don hannunsu ya saba. A bokiti ake sawa a ja da igiya, kwaɓi ma haka, ba mai hawa tsani da kwanon sarki a ka. An kewaye gindin da igiya, kuma an sa yaro guda aikinsa kawai korar mutane, domin lungu ne da 'yan talla da yaran makaranta suke ratsawa, bulon da ya faɗo daga tsayin bene biyu kuwa ba ya tambayar kan wa ya samu. Ba a hawa da silifas, ba a hawa da riga mai faɗi. Mutum biyu kaɗai ke sama, kowanne da ɗamararsa a maƙale a jikin dandamali, ba a jikin ginin ba.

Sai maganar sauri. A yini Kawu ba ya ɗaga bututun fiye da tsayin ƙirjinsa, ko da rana tana tsaka, ko da kwaɓi ya rage. Yana sakin igiyar awo mai dalma a baki bayan kowane layi kaɗan, yana rage kaurin bangon a hankali yayin da ake yin sama. Layin ciki, inda wuta za ta lasa, bulon wuta ne da kwaɓin yumɓu, domin siminti fashewa yake yi in zafi ya yi yawa. Madam ta so a ninka aikin yini, ya ce mata sauri ya haifi nawa. Fatakwal tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, Kano ba ta cika kaiwa 1,000 ba, kuma ko a ranin nasu iska a jiƙe take, kwaɓin jiya bai gama kamawa ba yau. Wannan ba matsalar ƙananan magina kaɗai ba ce. A Willow Island ta Amurka, a watan Afrilun 1978, ma'aikata 51 suka mutu lokaci guda a ginin hasumiyar tashar lantarki, domin an rataya dandamalinsu a jikin kankaren da aka zuba jiya, bai yi ƙarfi ba. Kawu bai taɓa jin sunan wurin ba, amma da na ba shi labari ya ce ai shi ne zaman kan ɗanyen bulo.

Wata rana da hantsi ya sauko da wani yaro daga tsani. Ya dubi idonsa, ya ce, "Me ka sha?" Yaron ya sunkuyar da kai. Ƙwayar tiramadol ce, wadda da yawa suke haɗiya don kada su ji gajiya. Bai kore shi ba, ya mayar da shi wajen jiƙa bulo, ya ce gobe in idonsa ya washe ya hau. Na ga hannayen wasu daga cikinsu, siminti ya cinye fatar yatsu ta tsattsage, suna cewa safar hannu tana rage musu sauri. Kwana kaɗan da sawa suka daina cirewa. Haka in za a yanka bulo sai an jiƙa shi, don ƙurarsa in ta zauna a huhu ba ta fita. Rana ɗaya hadari ya taso daga wajen teku ba zato, kafin ɗigon farko Kawu ya sauko da kowa, aka rufe kan ginin da leda. Abu mafi tsayi a unguwa shi tsawa take nema, shi ya sa tun a lissafi ya sa sandar tagulla da wayarta har ƙasa.

Akwai doka a ƙasar nan, ta 2010, da ta ce duk mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun hukumar NSITF, don a biya wanda ya ji rauni a wurin aiki ko iyalan wanda ya rasu. Doka ce mai kyau. Amma yaran da ake ɗeba da safe a bakin Creek Road a sallame su da yamma, sunansu ba ya cikin takardar albashin kowa. Na tambayi waɗanda muke aiki da su, ba wanda ya taɓa jin labarinta. Asusunsu shi ne tiren da ake zagayawa da shi bayan sallar Juma'a, kuma masu zuba kuɗi a tiren su ma talakawa ne. Ina ganin shugabannin Hausawan waɗannan garuruwa, da suke da bakin magana da 'yan kwangila, za su iya sa sharaɗin hula da ɗamara da kuɗin magani kafin su bari a ɗebi yaransu. Na faɗa wa shugaban masu albasa haka. Ya ce zai kai maganar gaba, amma yaro mai jin yunwa ba ya jiran sharaɗi.

Da bututun ya kai tsayinsa aka sauke dandamali daga sama zuwa ƙasa, gora ɗaya ɗaya da igiya, ba a wurgo ko ɗaya ba. Saura gashi. Sabon tanderu ba a cika masa wuta, ruwan da ke cikin bulo zai zama tururi ya tsaga shi, don haka 'yar wuta ake sawa a yi ta ƙarawa kwana da kwanaki. Kawu ya tara ma'aikatan gidan burodin ya gargaɗe su kada kowa ya kwana kusa da bakin tanderu don jin ɗumi, kada kuma a shiga cikinsa shara sai ya huce an buɗe ko'ina iska ta ratsa, domin iskar garwashi ba ta da wari, barci take sa mutum ya wuce.

Hutuna ya ƙare kafin gashin ya kammala, sai na bar shi a can. Hulunan ya raba wa yaran da suka yi aikin, ɗamarar biyu ya riƙe, don an riga an yi masa maganar wani tanderu a Aba. Na sayi robar jatan lande da jarkar manja na tsaraba, masu albasa suka haɗa ni da wata motar kaya da za ta koma Kano ta Umuahia da Lokpanta, direban ya ce in ba da kuɗin abincin hanya kawai. Kawu ya ba ni saƙon kuɗi in tsaya Inugu in kai wa yaronsa, ya ce in gaya masa in ya fara takawa ya zo Aba, akwai aikin lissafin bulo da ba ya bukatar hawa.